Fartanya, Tauraro da Kwakwa: Zaɓen 1959 Daga Bakin Dajin Birnin Gwari

Ranar Asabar ce, 12 ga Disamba, 1959, hunturu ya kankama. Dawa ta shiga rumbu, auduga ta fara fita kasuwa, ƙoramun da ke raba ƙauyukan ƙasar Birnin Gwari da juna duk tsawon damina sun janye, mai keke da mai jaki kowa na iya ƙetarewa. A wannan rana aka kira duk namijin da ya kai shekara 21, wanda ya ba da sunansa lokacin rajista, ya zo ya zaɓi wanda zai wakilce shi a Majalisar Wakilai ta Ikko. Shi da kansa zai zo, ba mai unguwa ko dagaci ne zai yi magana da yawunsa ba, kuma a bayan shamaki zai jefa ƙuri'ar, inda ba mai ganin hannunsa. Ba a taɓa yi wa talakan ƙauyen Arewa irin wannan kira ba. Gwamnatin da za ta fito daga akwatunan wannan rana ita ce za ta karɓi ƙasa daga hannun Ingila kafin wata goma ya cika.

An saba ba da labarin wannan zaɓe daga Ikko ko daga Kaduna, inda manya suka zauna suka raba muƙamai. Ni na fi son in dube shi daga bakin daji. Mutanen Birnin Gwari sun san abin da ake nufi idan aka ce an tare hanyar da ke tsakanin mutum da akwatin zaɓe, domin a 2022 har rahotanni sun fito cewa 'yan Ansaru sun hana taron siyasa a wasu ƙauyukan gabashin masarautar. A 1959 ba ɗan bindiga ko ɗaya a wannan hanya. Duk da haka hanyar ba ta kasance fayau ba, kuma waɗanda suka tsaya a kanta da rawani suka tsaya, da takardar izini, da sandar ɗan doka.

Birnin Gwari ta wancan zamani ƙaramar En'e ce a cikin Lardin Zariya, mai sarkinta, ba ta ƙarƙashin Sarkin Zazzau. Ƙasa ce mai faɗi da ƙarancin jama'a: Hausawa, Gwari, Kamuku da Fulanin daji, a warwatse tsakanin duwatsu da kogin Mariga. Tun 1936 aka keɓe wani babban yanki na dajin a matsayin gandun En'e, wanda shi ne a 1999 ya zama Gandun Dajin Kamuku na ƙasa, mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 1,100. An haƙi zinariya a yankin tun zamanin Turawa. Hanya biyu ce ta haɗa ta da duniya, ɗaya ta taso daga Kaduna ta wuce Tegina ta gangara Jebba har Ikko, ɗayar ta haura Funtuwa. Duk wanda gidansa bai faɗa bakin ɗayan waɗannan ba, gwamnati a wurinsa fuska uku gare ta: mai karɓar haraji, mai ƙirgar jangali, da mai gadin gandun daji da ke hana shi sare itace ko ɗana tarko inda kakansa ya saba.

Kafin a kai ga akwati, sai an san yadda aka yi Arewa ta sami yawan kujerun da ta samu, domin a nan rabin sakamakon ya fito tun ba a jefa ƙuri'a ko ɗaya ba. A taron Ibadan na 1950, wakilan Arewa suka kafe sai an ba su rabin kujerun majalisar tsakiya. Sarkin Zazzau Ja'afaru ya fito fili ya ce in ba haka ba Arewa za ta nemi a raba ta da Kudu, a koma yadda ake kafin haɗewar 1914, Sarkin Katsina Usman Nagogo kuma ya mara masa baya. Aka ba su rabin. Sai ƙidayar 1952 zuwa 1953 ta nuna Arewa na da mutum kusan miliyan 17 cikin miliyan 30 da 'yan kai na ƙasar duka. Da aka koma teburin Landan a 1957, aka amince a raba kujeru bisa yawan jama'a, kujera ɗaya ga kimanin mutum 100,000. Kwamitin wani Bature, Lord Merthyr, ya shata mazaɓu. Kudancin Kamaru bai shiga zaɓen ba, sai kujeru suka tsaya 312: Arewa 174, Gabas 73, Yamma 62, Ikko 3. Sarki Ja'afaru ya rasu a cikin shekarar zaɓen, bai ga abin da maganarsa ta Ibadan ta haifa ba.

A lura da wani abu a cikin wannan lissafi. Da aka zo ƙidaya, an ƙirga kowa: mace da namiji, yaro da tsoho, matar kulle a Magajin Gari da Bafulatana mai tallar nono a Dogon Dawa. Kawunansu ne suka tara wa Arewa kujeru 174. Da aka zo zaɓe kuwa, sai aka ce mata su zauna a gida. A Gabas da Yamma da Ikko mata sun jefa ƙuri'a a wannan rana, a Arewa ba mace ko ɗaya, Musulma ce ko Kirista, 'yar birni ce ko 'yar ƙauye. Jam'iyyar NPC mai mulkin Arewa ce ta dage a kan haka da sunan al'ada da addini, Turawa suka bar ta. Jam'iyyar adawa ta NEPU ta nemi a ba mata ƙuri'a, kuma a nan Lardin Zariya Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba, a kan wannan magana da makamantanta. Ina ganin wannan shi ne rashin adalci mafi girma a zaɓen, kuma shi ne aka fi saurin tsallakewa idan ana yabon mazan jiya.

Wanda bai san yadda ake zaɓe kafin 1959 ba, ba zai gane girman akwatin asiri ba. A 1951 zaɓe hawa-hawa ne. Masu biyan haraji su taru a ƙofar dagaci su nuna mutumin da suke so a bainar jama'a. Waɗanda aka nuna su tafi gunduma su zaɓi wasu daga cikinsu, waɗannan su wuce matakin En'e, daga can sai lardi, inda 'yan tsiraru za su fitar da wakilai. A hawa na ƙarshe En'e na da ikon cusa nata mutanen, har kashi goma cikin ɗari. Kowane hawa rariya ne. A birnin Kano 'yan NEPU sun yi rinjaye a hawan farko, amma da aka kai ƙarshe ko ɗayansu bai fita ba. A zaɓen tarayya na 1954 ma da tsarin hawa-hawa aka yi a Arewa, NPC ta kwashe 79 cikin 92, Malam Aminu Kano, jagoran NEPU, kansa ya faɗi a hannun Maitama Sule. A 1956 an gwada zaɓen kai tsaye a wasu manyan garuruwa kaɗai. Ƙauyukan daji irin Kuyello da Randagi da Kakangi sai a 1959 abin ya iso su.

Alama uku ce ta zagaya Arewa. Fartanya ta NPC, Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar 'yan boko ƙarƙashin Dakta Dikko na Wusasa, ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a Oktoban 1951, ta kuma dawo hannun Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa tun 1954. Kirarinta Salama. Tauraro na NEPU, Jam'iyyar Neman Sawaba, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, jam'iyyar teloli da mahauta da ƙananan 'yan kasuwa da malaman zaure da duk wanda ya taɓa ɗanɗana zaluncin fada. Tana ƙawance da NCNC ta Dakta Azikiwe mai alamar zakara. Sai bishiyar kwakwa ta AG, jam'iyyar Cif Awolowo daga Yamma, wadda ta shigo Arewa ta ƙofar ƙananan ƙabilu, ta haɗa kai da UMBC ta Joseph Tarka a ƙasar Tibi da Filato da kudancin Zariya, da Ibrahim Imam a Barno.

Awolowo ya zo da abin da ba a taɓa gani ba. Kuɗin koko ya cika aljihun jam'iyyarsa, ya ɗauko jirage masu saukar ungulu suna sauka a filayen ƙwallo da bakin kasuwanni, wani jirgin kuma yana rubuta sunansa da hayaƙi a sararin sama. Ya yi alkawarin ilimi kyauta irin wanda ya fara a Yamma a 1955, da sababbin jihohi ga ƙabilun da ke ƙorafin danniya. Jama'a sun fito kallo ƙwarai, amma ɗan kallo daban, mai ƙuri'a daban. 'Yan NPC suka juya jirgin ya zama makami a hannunsu, suna cewa ga baƙo yana shawagi a kan gidajen Musulmi yana leƙen matan kulle. Amfani ɗaya dai jirgin ya yi wa talaka: ya tilasta wa Sardauna da ministocinsa fita daga Kaduna su shiga Landiroba su sha ƙura, su tsaya gaban mutanen da a da sai dai a aika musu da saƙo ta bakin hakimi, su roƙe su ƙuri'a. An ce Sardauna bai taɓa yafe wa Awolowo wannan ba.

NEPU ba ta da jirgi. Abin da take da shi keke ne, da lasifika in an samu aro, da waƙa. Waƙoƙin Gambo Hawaja da Mudi Sipikin sun bi motocin lodi da 'yan koli sun shiga inda jarida ba ta zuwa, kamar yadda makaɗan fada irin su Sarkin Taushin Katsina suka riƙe wa NPC nata ɓangaren. Saƙon NEPU kuwa bai buƙatar fassara ga mutumin daji. A rage haraji, a soke jangali, a daina aikin tilas da noman gandun sarauta, a daina kama mutum don bai tuɓe takalmi ya faɗi gaisuwa ba, a zaɓi majalisun En'e maimakon naɗa su. Duk wanda aka taɓa karɓe wa akuya don kuɗin haraji bai cika ba ya san inda maganar ta dosa.

To me ya hana wannan saƙo cin zaɓe? A nan ya kamata a tsaya, domin amsar tana cikin yadda En'e take.

En'e ita ce gwamnatin da talaka ya sani. Ita ke da 'yan doka, ita ke da gidan yari, ita ke naɗa alƙali ta biya shi albashi, ita ke naɗa hakimi da dagaci ta kuma tuɓe su. Ita ke ƙayyade harajin kowane gida. Malamin makaranta, malamin asibiti, malamin daji, malamin gona, duk ma'aikatanta ne. Kuma mafi yawan 'yan takarar NPC daga cikin waɗannan ma'aikata da 'yan majalisar sarki da hakimai suka fito. Jam'iyyar ba ta sha wahalar kafa rassa a ƙauyuka ba, domin tsanin mulki daga sarki zuwa mai unguwa ya riga ya isa kowace bukka. Ɗan adawa da ke son yin lacca sai ya nemi izini daga En'e, wato daga hannun abokan hamayyarsa. A ce masa ranar ba ta dace ba, ko a ba shi fili can bayan gari a ranar da ba kasuwa. In ya yi magana ba izini, laifi ne. In ya sami izinin ya ambaci sarki ko hakimi da abin da ba su so, an kama shi da zagin sarauta. Lauya ba ya tsayawa gaban alƙali a wancan zamani, don haka lauyoyin da AG ta ɗauko daga Kudu sai dai su jira ɗaukaka ƙara, kafin nan mutum ya sha bulala ko ya yi watanni a kurkuku, zaɓe ya wuce. A Kano har ƙungiyar 'yan daba aka kafa, wadda ake kira 'Yan Mahaukata, don tarwatsa taron NEPU.

A birni ɗan adawa na iya ɓacewa cikin jama'a, yana da sana'ar da ba ta dogara da fada ba, yana da jarida da za ta buga labarin kamun da aka yi masa. Mu ɗauki manomi a wani ƙauye na ƙasar Birnin Gwari, mai mata biyu da 'ya'ya da gonar dawa a gefen gandun daji. Mai unguwarsu ya san shi tun yana yaro, ya san yawan damman da ya girbe, shi zai faɗi nawa za a yanka masa na haraji baɗi. In shanun Fulani suka shiga gonarsa, gaban dagaci zai je. In ya ƙara kadada ɗaya ta gefen daji, malamin daji ne zai ce ya shiga gandu ko bai shiga ba. Ranar da dagaci ya tara su ya ce sarki na gaishe su, kuma fartanya ita ce abin da manomi ya sani, ba a buƙatar a yi masa barazana. Zai ce, "Ranka ya daɗe, mun ji, mun bi." Ko da zuciyarsa na wajen tauraro, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Zan yi wa tarihi ƙarya in na ce tsoro kaɗai ya ba NPC nasara. Mutane da yawa sun zaɓe ta da zuciya ɗaya. Ranar 15 ga Maris, 1959, Arewa ta sami mulkin kanta a hannun Sardauna, kuma jama'a sun ga 'ya'yan Arewa suna hawa kujerun da a da sai Bature ko ɗan Kudu. Tsoron kada 'yan Kudu, da suka yi nisa a boko, su mamaye ofisoshi da kasuwanni bayan tafiyar Turawa tsoro ne na gaske, kuma NPC ta iya taɓa shi. Ƙawancen NEPU da jam'iyyar Azikiwe ya zame mata tabo, ana cewa ta sayar da Arewa. Ga kuma martabar sarauta da ta gidan Shehu, wadda ba da sanda aka dasa ta a zukatan mutane ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firaminista tun 1957, mutum ne da ko abokan hamayya ba su zarge shi da cin dukiyar jama'a ba. Abin da nake cewa shi ne ba a bar mutumin ƙauye ya ji ɓangare biyu daidai wa daida ba, balle a san abin da zai zaɓa in ya ji.

Ranar zaɓen kanta ta wuce lafiya fiye da yadda aka zata. Hukumar zaɓe ƙarƙashin wani Bature, Ronald Wraith, ta tsara abin yadda wanda bai iya karatu ba zai iya. Babu dangwale a jikin suna. Kowane ɗan takara da akwatinsa, an manna alamar jam'iyyarsa a jiki, an jera su a wani ɗaki ko bayan zana. A duba sunanka a rajista, a miƙa maka takarda, ka shiga kai kaɗai ka jefa a akwatin da kake so. Manominmu ya taka ƙafa tun asuba, watakila tafiyar mil biyar ko fiye ta cikin daji, ya bi layi, ya shiga. Na daɗe ina tunanin wannan ɗan lokaci da ya yi shi kaɗai da akwatuna. Tun da aka haife shi bai taɓa tsayawa gaban wani abu na hukuma ba tare da wani babba na kallonsa ba. Amma wa ya tabbatar masa cewa asirin asiri ne? Jita-jita ta riga ta zagaya a wurare da yawa cewa manya na da hanyar sanin inda kowa ya jefa. Kuma ko ba a san na mutum ɗaya ba, ana iya gane inda gari ya karkata, garin da ya yi tauraro kuwa ya san da wa zai kwana.

Cikin mutum kimanin miliyan tara da suka yi rajista a ƙasar, fiye da miliyan bakwai sun fito. Da aka gama ƙirga, NPC ta sami kujeru 134, dukkansu a Arewa. NCNC ta sami 81, NEPU 8, ƙawancensu ya tashi da 89. AG ta sami 73, ciki har da 25 a Arewa. Ragowar 16 suka tafi ga 'yan takara masu zaman kansu da ƙananan jam'iyyu, kuma da yawansu ba su daɗe ba suka koma inuwar NPC, har kujerunta suka haura 140.

Ƙuri'un da ke bayan waɗannan kujeru wani labari suke bayarwa. Ƙawancen NCNC da NEPU ya tara fiye da miliyan biyu da rabi, ya fi kowa. NPC da AG kowace ta tsaya wajen miliyan biyu. Wato jam'iyyar da ta fi kowa kujeru ba ita ta fi kowa ƙuri'a ba, kuma dalilin a fili yake: mazaɓun Arewa da yawan jama'a duka aka auna su, amma rabin manyan jama'ar, wato mata, ba su jefa ba. A cikin Arewa kuma, NEPU ta sami ƙuri'a kimanin rabin miliyan. Duk da kamu da ɗauri da hana lacca, mutum rabin miliyan sun shiga bayan zana sun nemi akwatin tauraro. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ƙuri'un a warwatse suke, dubu kaɗan a nan, dubu kaɗan a can, ta zo ta biyu a mazaɓu da yawa, kuma a tsarin da aka gada daga Ingila na biyu ba shi da komai. AG da ta sami ƙuri'a kusan daidai da nata a Arewa ta tashi da kujeru ninki uku, saboda nata a dunƙule suke a ƙasar Tibi da makwabtanta. Kujerar NPC ɗaya ta ci ƙuri'a wajen 15,000, ta NEPU ɗaya ta ci fiye da 60,000. Malam Aminu Kano dai ya ci tasa a Kano ta Gabas, karo na farko da ya shiga majalisa ta hanyar zaɓe.

Ba wanda ya kai 157 da ake buƙata don kafa gwamnati shi kaɗai. In aka haɗa 89 da 73 an sami 162, don haka Azikiwe da Awolowo na iya haɗuwa su bar NPC a waje, kuma an yi ta aike-aike a kan haka, har Awolowo ya nuna zai yarda ya yi aiki ƙarƙashin Azikiwe. Gwamna Janar Sir James Robertson bai jira ba. Tun ba a gama sanar da sakamakon dukkan mazaɓu ba ya kira Tafawa Ɓalewa ya ce ya kafa gwamnati. Turawa na tsoron gwamnatin 'yan Kudu zalla za ta sa Arewa ta ɓalle, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa sun fi natsuwa da NPC. NCNC, da ke da tsohuwar gaba da AG, ta zaɓi tafiya da Kaduna. NPC ta ɗauki ministoci goma, NCNC bakwai. Muhammadu Ribaɗu, Inuwa Wada, Zanna Bukar Dipcharima, Maitama Sule da Shehu Shagari na cikin waɗanda suka riƙe ma'aikatu. Azikiwe ya zama Shugaban Majalisar Dattawa, daga baya Gwamna Janar a Nuwamban 1960. Awolowo ya zama jagoran adawa. Sardauna ya yi zamansa a Kaduna.

NEPU ce ta shiga tsaka mai wuya. Abokiyar ƙawancenta ta auri abokiyar gabarta. Ba a ba ta minista ko ɗaya ba, Malam Aminu ya zama mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati, yana zaune a Ikko gefe ɗaya da mutanen da 'yan dokarsu ke kama magoya bayansa a gida. Ɗan NEPU na ƙauye da ya sha bulala saboda tauraro, me za a gaya masa?

Irin wannan zaɓe na bakin ƙofar 'yanci ba a Nijeriya kaɗai aka yi shi ba, kuma duba na wasu yana haska namu. A Filifin, watan Afrilun 1946, an yi zaɓen shugaban ƙasa da na majalisa wata biyu da 'yan kwanaki kafin Amurka ta miƙa mulki ranar 4 ga Yuli. Manuel Roxas ya kayar da Sergio Osmeña. Ƙawancen manoma 'yan haya na tsakiyar tsibirin Luzon, masu noma shinkafa a gonakin manyan masu ƙasa, ya ci kujeru shida, amma majalisa ta hana su zama bisa zargin sun tsorata masu zaɓe. Jagoransu Luis Taruc ya koma duwatsu da bindiga, tawayen Huk ya ci rayuka shekara da shekaru, sai a 1954 ya miƙa wuya a zamanin Ramon Magsaysay. Nan kusa da mu kuma, a Nijar, jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta ce a'a ga Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta Satumban 1958, ta faɗi, aka haramta ta a 1959, ta gwada makami a 1964 aka murƙushe ta. 'Yan NEPU sun sha abin da ya isa ya kai mutum daji, ga dazuzzukan kuwa a buɗe, daga Kamuku zuwa Kuyambana zuwa Rugu. Ba su shiga ba. Sun zaɓi kurkuku da kotu da sake tsayawa takara. Mu da muka ga abin da daji ke zama idan masu bindiga suka mai da shi gida, ya kamata mu san darajar wannan haƙuri fiye da kowa.

Haƙurin bai biya su da wuri ba. Da Turawa suka tafi ranar 1 ga Oktoba, 1960, ɗan shamakin da Razdan da Di'o ke yi wa En'e ya ragu. A zaɓen Majalisar Arewa na Mayun 1961, cikin kujeru 170 NEPU ɗaya tak ta samu. Ƙasar Tibi ta kama da wuta a 1960, ta sake kamawa a 1964. Zaɓen tarayya na 30 ga Disamba, 1964, ya zo da 'yan takarar NPC da dama da aka ce sun wuce ba hamayya, alhali 'yan adawa na kukan an hana su miƙa takardunsu, ƙawancen adawa ya ƙaurace, Malam Aminu ya rasa kujerarsa. Ranar 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, majalisar da aka fara ginawa da akwatunan 1959 ta rushe.

Sojojin da suka biyo baya ne suka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa ta, kuma a wannan shekarar aka buɗe wa matan Arewa ƙofar zaɓe. A 1979 mutanen tsohuwar Jihar Kaduna, har da na Birnin Gwari, suka shiga layi maza da mata, matan manominmu ma in Allah ya ja kwanansu suna ciki, shekara ashirin bayan mijinsu. Jihar ta zaɓi gwamnanta, Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP, jam'iyyar Malam Aminu, magajiyar NEPU. Yana hawa kujera ya soke haraji da jangali, abin da masu tauraro suka yi ta shan ɗauri a kansa. Majalisar jihar kuwa tana hannun NPN, inda yawancin magadan NPC suka taru. Ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, kuma ranar 23 ga Yuni, 1981, ta tsige shi, bai cika shekara biyu ba.